Yadda ake biyan ciko don tsawaita tikitin jirgin ƙasa na zuwa da dawowa

Jirgin ƙasa bai taɓa shigowa Damagaram ba. Layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikinsa a 2016, ba ya jigilar fasinja, na Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 kuwa sai a 2021 aka aza harsashinsa. Duk da haka mutanenmu suna hawan jirgin ƙasa fiye da yadda ake zato. Akwai alhazai da masu Umra tsakanin Makka da Madina, da ɗalibai a Maroko da Faransa, da ƴan kasuwa tsakanin Kaduna da Abuja, da masu zuwa ganin likita ko ganin ƴaƴansu a Turai. Da yake ba a gida aka saba da shi ba, ranar da tafiya ta canja sai mutum ya yi ɗayan asara biyu: ko ya jefar da tikitin dawowarsa ya sayi sabo, ko ya hau jirgi da tikitin da bai dace ba a ci shi tara. Sau da yawa abin da ake bukata shi ne ciko kawai, wato bambancin da ke tsakanin kuɗin da ka riga ka biya da kuɗin tafiyar da kake so yanzu.

Fara da gane irin tikitin da ke hannunka

Duk lissafin ya dogara a kan wannan, don haka kada ka yi gaggawar zuwa gishe, wato tagar sayar da tikiti, kafin ka karanta tikitinka. Iri biyu ne.

Na farko shi ne wanda aka ɗaure shi da hanya da wa'adi, ba da wani jirgi guda ba. An rubuta tashar tashi, da tashar sauka, da ranar da zai daina aiki, kai kuma kana da damar hawa duk jirgin da ya dace cikin wa'adin. Ingila ce ta fi shahara da wannan. Tikitinsu mai suna Anytime Return yana ba ka kwana 5 ka yi tafiyar zuwa, da wata ɗaya ka dawo. Off-Peak Return shi ma wata ɗaya ne a dawowa, amma ba a hawa da shi a lokutan cunkoso. Mai suna Day Return kuwa na yini ɗaya ne, yana mutuwa ƙarfe 4:29 na asubahin washegari.

Na biyu shi ne wanda aka ɗaure shi da jirgi guda, da rana, da lokaci, da lambar tarago da ta kujera, wani lokaci har da sunanka da lambar fasfonka. Haka jirgin Haramaini na Saudiyya yake, da TGV na Faransa, da Al Boraq na Maroko, da na Abuja zuwa Kaduna, da tikitin Advance na Ingila. A wannan iri, abin da ake ce wa tikitin zuwa da dawowa tikiti biyu ne da aka biya tare, kowanne da farashinsa. Ba a tsawaita shi, musanya shi ake yi: a soke kujerarka ta farko, a ba ka wata, ka cika bambanci.

Idan ka ga lambar kujera da lokacin tashi a jikin tikitinka, ka ɗauka iri na biyu ne har sai ma'aikaci ya ce maka ba haka ba. Mafi yawan mutanen Damagaram da wannan za su haɗu.

Me kake son ƙarawa?

Mutane kan ce a ƙara musu tikiti, alhali abu uku ne daban. Wani nisa yake so, ya wuce tashar da aka rubuta. Wani kwanaki yake so, ya dawo bayan ranar da aka sa. Wani kuma yana so ne ya hau jirgin da ya fi tsada, ko na lokacin cunkoso ko taragon manya. Ka san naka kafin ka isa gaban ma'aikaci, domin kowanne da lissafinsa, kuma idan ka faɗi wanda ba shi ba, abin da ka faɗa za a sayar maka.

Ƙarin nisa

A tikiti iri na farko lissafin mai sauƙi ne. Bari mu yi shi da sefa (jika ɗaya sefa dubu ce), da alƙaluman misali kawai. A ce zuwa da dawowa daga tasharka zuwa gari na farko jika 20 ne, ka biya. Yanzu kana son wucewa gari na gaba, wanda zuwa da dawowarsa daga tasharka jika 26 ne. Cikonka jika 6. Da za ka yanki tikiti daban tsakanin garuruwan biyu, kana iya samun sa jika 9, saboda a yawancin hanyoyi kuɗin kowace kilomita yana raguwa ne idan tafiya ta yi tsawo. Wannan ne ribar ciko.

Amma ba kullum ba. Akwai hanyoyin da gajeren zango yake da araha ƙwarai, sai ka ga tikitin daban ya fi ciko sauƙi. Saboda haka ka tambayi farashin duka biyu. Ma'aikaci ba zai ji haushi ba, aikinsa ne, kuma duka suna gabansa a kwamfuta. Idan ka zaɓi tikiti daban, ka tabbata jirgin da za ka hau yana tsayawa a tashar da tikitin biyu suka haɗu. A Ingila wannan sharaɗi ne rubutacce. Jirgin da ya wuce tashar bai tsaya ba ya bar ka a matsayin mai tafiya da tikitin da bai dace ba, ko da kuɗin da ka biya ya kai.

Ana kwatanta iri da irinsa. Mai tikitin lokacin sauƙi da farashin lokacin sauƙi za a yi masa lissafi, mai katin rangwame na ɗalibai ko na matasa kuma da farashin rangwame, muddin katin yana hannunsa. Idan cikon da aka faɗa maka ya yi yawa fiye da yadda ka zata, yawanci an kwatanta tikitinka mai rangwame da cikakken farashi ne. Ka nuna katin, ka nemi a sake duba. Kuma ka faɗi ko ƙarin na zuwa ne kaɗai, ko na dawowa kaɗai, ko duka biyu, domin hakan yana iya canja abin da za ka biya.

Babban sharaɗi shi ne lokaci. Ana biyan cikon nisa kafin a hau jirgi, a gishen tashar da ke da ma'aikaci. Injin sayar da tikiti ba ya yin wannan aiki. Da zarar jirgi ya wuce tashar da ke rubuce a tikitinka kana zaune, maganar ciko ta ƙare, ka zama wanda ba shi da tikiti a sauran hanyar. A Ingila tun watan Janairun 2023 tarar fam 100 ce, ban da kuɗin tafiyar, sai dai tana sauka zuwa fam 50 idan an biya cikin kwana 21. Idan tashar da ka tashi ba ta da gishe a buɗe, kai ne za ka nemi mai duba tikiti da zarar ka shiga, kada ka zauna sai ya same ka. Wanda ya kawo kansa da wanda aka kama, ba kallo ɗaya ake yi musu ba.

A tikiti iri na biyu ƙarin nisa musanya ce, kuma sai in akwai kujera a sabon zangon. A nan masu Umra suke yawan ruɗewa. Jirgin Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018 a kan layi mai kimanin kilomita 450, tashoshinsa biyar ne: Makka, da Jidda ta cikin gari wato Sulaimaniyya, da filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz, da birnin Sarki Abdullahi kusa da Rabig, sai Madina. Jidda ke nan tana da tasha biyu, kuma ba kowane jirgi ke shiga ta filin jirgi ba. Wanda aka yankar masa na Sulaimaniyya alhali jirgin samansa yake bi, ya gyara tun yana masauki.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi. Mai tasowa daga Madina da tikitin Jidda, idan ya canja shawara zai zarce Makka ya yi Umra, mikatinsa Zulhulaifa ne, a bakin Madina, kuma jirgin ba ya tsayawa can. Ya yanke shawarar tun kafin ya bar Madina, ya shirya haraminsa, ya tambayi malamin da ke tare da ayarinsu yadda zai yi niyya.

A Maroko, Al Boraq daga Tanja yake tashi ya bi Kenitra da Rabat ya tsaya a tashar Casa Voyageurs ta birnin Casablanca. Ɗalibin da ke neman filin jirgin sama na Muhammad na Biyar sai ya canja jirgi a can, don haka ya bar tazara mai kyau tsakanin saukarsa da tashin na gaba.

Ƙarin kwanaki

Wannan ne ya fi faruwa, kuma a nan kuɗi suka fi zubewa. Likita ya ƙara ranar dawowa, ko kaya ba su iso ba, ko jarrabawa ta ja, ko Hajiya ta ce ba za ta bar Madina ba sai ta ƙara kwana biyu.

Kafin ka taɓa tikitin jirgin ƙasa, bi abubuwa da tsarinsu. Da farko biza: shin kwanakin da kake son ƙarawa suna cikin izinin zamanka? Mai gajeriyar bizar Turai ba ya wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuma abin da aka buga a fasfonsa yana iya kasa haka. Sai jirgin sama, domin shi ya fi tsada kuma shi ya fi wuyar samun kujera. Sai bayan waɗannan sun tabbata za ka canja na ƙasa. Wanda ya fara da jirgin ƙasa yakan biya kuɗin canji sau biyu.

Lissafin yana da kashi biyu, kuma ya kamata ka raba su a ranka. Akwai ciko, akwai kuɗin canji. Ciko bambancin farashi ne, kuɗin canji kuwa ladan kamfani ne na taɓa tikitin, ana biyan sa ko da farashin bai motsa ba. Kuma cikon da farashin yau ake lissafa shi, ba da na ranar da ka saya ba. A jirage irin su TGV farashi yana hawa ne yadda kujeru ke cika, kamar kuɗin rago idan Layya ta matso. Kwana ɗaya na jinkiri yana iya ninka cikonka.

Ga yadda yake a Faransa. Tun 2023, tikitin TGV INOUI na yau da kullum ana musanya shi ba kuɗin canji har zuwa kwana 7 kafin tashi. Daga saura kwana 6 ana cire yuro 19. Da yake yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, yuro 19 ya kusa jika 12 da rabi. A ce tikitin dawowarka yuro 45 ka saye shi, jirgin sabuwar ranar kuma yau yuro 70 yake. Idan ka canja da sauran kwana 10, yuro 25 za ka cika, wajen jika 16 da ɗan kai. Idan ka bari sai saura kwana 3, ko da farashin bai ƙaru ba, yuro 44 ne, kusan jika 29. A Ingila tikitin Advance akan caje shi har fam 10 kuɗin canji, ban da ciko, kuma dole a canja kafin jirgin da aka rubuta ya tashi.

Daga nan ake gane lokacin da canji ba shi da amfani. Abin da kake cetowa shi ne kuɗin tsohon tikiti bayan an cire kuɗin canji. Idan yuro 20 ka saye shi, kuɗin canji yuro 19, yuro ɗaya kake wa wahala. A irin wannan hali ka duba duk jiragen ranar, har da na wasu kamfanoni da motocin safa, ka sayi wanda ya fi araha. Idan kuwa tikitin mai tsada ne, musanya ta fi, kuma a yi ta yau.

Kafin ka amince da ciko, duba jiragen asuba da na dare, da na tsakiyar mako. Sau da yawa matsar da tafiya da awa biyu yana share cikon gaba ɗaya. Idan sabon jirgin ya fi tsohon araha, tambayi ko za a mayar maka da rara. Wani tikitin ana mayarwa, wani ba a yi, kuma in za a mayar, katin bankin da aka biya da shi ake turawa, ba hannunka ba.

Game da tikiti iri na farko, idan sabuwar ranar tana cikin wa'adin wata ɗaya ba ka bukatar biyan komai, ka hau jirgi kawai. Mutane da yawa suna zuwa gishe neman canji alhali tikitinsu na nan da ransa. Idan kuwa ranar ta wuce watan, ciko ba ya raya shi, sai sabon tikitin tafiya ɗaya. Shi ya sa duk wanda bai san ranar dawowarsa ba, kamar mai jinya ko mai jiran takardu, muna ganin gara ya yanki na zuwa kaɗai.  Haka muke ba da shawara a layin Abuja zuwa Kaduna, mai kilomita 186 tsakanin Idu da Rigasa: kowace tafiya da tikitinta da sunan mai ita, a sayi na dawowa idan ranar ta tabbata, ta intanet ko a gishe, ba a hannun masu tare mutane a bakin tasha ba.

Taragon manya da lokacin cunkoso

Wannan ba shi da wuya. Bambancin farashin biyu za ka biya, a gishe ko a manhajar kamfanin, in akwai wuri. Kada ka je ka zauna tukuna da niyyar biya idan an zo.

A gaban gishe, ko a waya

Ka riƙe tikitin duka ɓangarorinsa biyu, ko da an riga an yi tafiyar zuwa, da lambar sayen tikitin, da fasfo, da katin rangwame in akwai, da katin bankin da aka biya da shi. Idan harshe zai ba ka wahala, rubuta abu huɗu a takarda: tashar tashi, tashar sauka, rana, lokaci. Rubuta sunan watan da haruffa, lokacin kuma da lissafin awa 24. Nemi a nuna maka jimillar kafin ka miƙa kuɗi, ciko daban, kuɗin canji daban. Bayan an buga, karanta shi nan take a gaban ma'aikacin, domin kuskuren da aka gani a gishe gyara ne, wanda aka gani cikin jirgi kuwa tara ce.

A tikiti iri na farko, takardar ciko ba ta aiki ita kaɗai. Tsohon tikitin da takardar cikon tare suke zama tikiti ɗaya, kuma ƙofar tasha mai na'ura tana iya ƙin buɗewa da ita, sai ka nufi ƙofar da ke da ma'aikaci ka nuna duka. A iri na biyu akasin haka ne: tsohon ya mutu, lambar da na'ura ke karantawa ta canja. Share tsohon hoton daga wayarka don kada ka nuna shi bisa kuskure, ka ajiye sabon yadda zai buɗe ko babu intanet.

Idan kamfanin shirya tafiya ne ya yanki tikitin, ko jagoran ayarin Umra, ko wata manhaja ta ƴan tsakiya, yawanci ta hannunsu canjin zai bi, gishe na iya mayar da kai can. Tun ranar saye ka karɓi lambar tikitin da sunan wanda ya biya.

Idan daga Damagaram ake yi wa wani

Yanzu ya zama ruwan dare ɗa yana unguwar Zango ko Birni, yana gyara wa mahaifiyarsa tikiti tana Madina. Abu uku ke ɓata wannan aiki. Na farko agogo. Saudiyya tana gaban Nijar da awa 2, saboda haka jirgin ƙarfe 10 na safe a can, ƙarfe 8 ne a nan, kuma da agogon can ake rufe damar canji. Faransa daidai take da mu a lokacin sanyinsu, ta wuce mu da awa ɗaya a lokacin zafi. Ingila tana bayanmu da awa ɗaya a sanyi, daidai da mu a zafi. Agogon Maroko kuwa akan canja shi, don haka a duba shi kafin a yi lissafi. Najeriya ba mu da bambanci da ita.

Na biyu biya. Banki yakan turo lambar tabbatarwa a layin wayar da aka yi rajistar katin da shi. Idan katin na matafiyi ne kuma layinsa na Nijar ba ya kamawa a can, biyan ba zai wuce ba. Idan intanet ta yanke ana tsakiyar biya, kada a sake dannawa nan take. A duba saƙon banki da na kamfanin tukuna, don kada a cire kuɗi sau biyu. A kuma bar ɗan rara a kati, domin riyal da fam da dirhami ba su da tsayayyen canji da sefa, kuma banki yana ɗora nasa.

Na uku isar da labari. Tura sabon tikiti ta WhatsApp bai isa ba ga dattijon da bai saba ba. A kira, a faɗa a fili: "Hajiya, na jiya ya daina aiki, wannan da na turo yanzu shi za ki nuna. Ranar Alhamis ne, ƙarfe huɗu na yamma agogon can, tarago na shida." Sannan a sanar da jagoran ayari, a roƙi wani a masauki ya buga shi a takarda. Idan mutum biyu ne a tikiti ɗaya kuma ɗaya kaɗai zai ƙara kwana, a lura sosai wajen zaɓar suna, domin manhaja takan ɗauki duka fasinjojin idan ba a cire alamar sauran ba.

Idan laifin daga kamfanin ne

Jirgi ya soke, ko yajin aiki, ko ya makara har ka rasa wanda za ka canja zuwa gare shi a tikiti ɗaya: a nan ba kai ke neman ƙari ba, don haka kada ka yi saurin shiga manhaja ka musanya da kuɗinka. Je wurin ma'aikaci ka nuna tikitin, ka nemi a sa ka a jirgi na gaba ba ciko, a kuma rubuta ko a buga maka shaida. Wanda ya haɗa tafiyarsa da tikiti daban-daban na kamfanoni daban-daban kariyarsa ta fi rauni, shi ya sa ranar da za ka kama jirgin sama ka zaɓi jirgin ƙasan da ke da aƙalla wani guda a bayansa da zai iya isar da kai kan lokaci. Idan kuma an rubuta maka tara kana ganin ba ka cancanta ba, karɓi takardar, kada ka yi gardama cikin tarago. A jikinta akwai adireshin ɗaukaka ƙara da wa'adinsa, wanda a Ingila kwana 21 ne, kuma rasit ɗin cikon da ka biya shi ne hujjar farko da za a nema.